Sawun Madabod

Ranar Asabar da hantsi Badaru Ɗantsoho ya tsayar da babur ɗinsa a bakin layin shagunan da ke kusa da tashar Kano a Daura. Tun kafin ya sauka ya san an riga an ɓata masa aiki. Mutane sun cika ƙofar shagon Zubaida, 'yar ƙanwarsa, sun tattake ƙasar wurin kamar an yi dambe.

Bin sawu ita ce sana'ar Badaru. Daga Dutsi har Babban Mutum, duk wanda aka kore wa shanu ko aka kwance wa rago, shi ake nema. Da safen nan Zubaida ta kira shi a waya tana kuka, abin da kawai ya ji shi ne, "Kawu, an yi mini sata." Bai tsaya tambayar me aka sace ba, ya hau babur.

Ya kutsa cikin taron. A tsakiya ya tarar an riƙe wani siririn mutum mai gilashi a wuyan riga, jakar kayan aikinsa a ƙasa. Wannan shi ne Sabiru, mai gyaran kwamfuta. Wanda ya riƙe shi kuwa Sha'aban ne, mai ɗakin ɗaukar hoto da ke jikin shagon Zubaida, aminin mijinta Anwar.

"Sake shi," in ji Badaru.

"Baba, ɓarawo ne!" in ji Sha'aban. "Anwar ya bi motar shanu Legas, ya bar mini amanar matarsa. Ba zan zuba ido a cuce ta ba."

"Na ce ka sake shi. In ka shaƙe shi wa zan tambaya?"

Sha'aban ya sake shi yana huci. Badaru ya juya ga Zubaida.

"Me aka ɗauka? An fasa ƙofa?"

"Ba a fasa ba, Kawu. Madabod aka sace."

"Me?"

"Madabod. Na cikin kwamfuta."

Badaru ya leƙa shagon. Ga kwamfutar nan zaune a kan tebur, ga firinta, ga kujeru, komai a wurinsa.

"Zubaida," ya ce a hankali, "na baro wani Bafulatani a Dutsi yana jirana kan bijimi. Ga abin da kika ce an sace can ina kallonsa."

* * *

Sai da ya kori kowa ya turo ƙofa, ya rage daga shi sai Zubaida sai Sabiru, sannan ya samu kan labarin.

Kwamfutar tsohuwa ce, gwanjon wani ofis ce, amma da ita Zubaida ke buga wa mutane katin biki da takardun makaranta, da ita take cin abinci. Makon da ya wuce ta mutu. Sabiru ya duba ya ce babban allon da ke ciki, wato madabod ɗin, wanda komai ke maƙale a jikinsa, shi ne ya tashi aiki. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin Zubaida, irin allon kuwa an daina yin sa tuni. Ta sayar da akuyarta mai ciki. Sabiru ya yi ta kiran abokansa a Kano har aka tono masa guda na hannu a ƙasan wata rumfa, aka ba direba ya kawo. Ranar Alhamis ya ɗaura shi.

"Ta tashi, Kawu," in ji Zubaida. "Na yi aiki da ita Alhamis da yamma, na yi Juma'a da safe. Da rana na rufe na tafi gida. Yau na zo na kunna, shiru. Kuma ranar Litinin zan kai wa wata makaranta takardun jarrabawarsu. In ban kai ba, ba za su sake ba ni aiki ba."

"Ta kira ni na zo na buɗe," in ji Sabiru, yana shafa wuyansa. "Ina buɗewa na ga tsohon ne a ciki. Da bakina na faɗa. Baba, don Allah ɓarawo zai faɗa da bakinsa?"

"Na taɓa ganin wanda ya yi. Nuna mini."

Sabiru ya zare murfin gefe. Badaru ya durƙusa, ya ga koren faranti cike da ƙananan abubuwa kamar gari a hoton sama. Sabiru ya nuna masa wasu 'yan gwangwanaye da suka kumbura, bakinsu ya yi tsatsa. Ya ce su ne shaidar mutuwar tsohon.

"Su a waje me suke cewa?"

"Wai ban taɓa sa wani ba. Wai dabara na yi tsohon ya farfaɗo na kwana ɗaya, na riƙe na Kano zan sayar."

"Ana iya yin haka?"

"Wani lokaci ana yi. Amma ni ban yi ba."

Badaru ya dubi daɓen shagon. Yana ƙyalli.

"Wa ya share nan?"

"Ni ce, Kawu. Kullum da safe nake sharewa in goge."

"Kin goge da ruwa?"

"Har da omo."

Badaru ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya kunna tocilar wayarsa ya sake leƙa cikin akwatin. Bai san sunan komai a ciki ba, amma ya san alamar hannu. Kan kowane sukuru da ke riƙe da allon ya ci rauni, an ƙwarzane shi, kamar an murɗa shi da bakin wuƙa. Ya ce Sabiru ya ba shi sukundirebarsa, ya gwada, ta zauna daram ba tare da ta zame ba.

"Wanda ya ɗaure wannan ba shi da irin wannan ƙarfen," in ji shi. "Su wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai. Na Anwar yana wurinsa, ya tafi da shi." Ta sunkuyar da kai. "Sai ranar Alhamis da na ba Sabiru nawa ya buɗe da safe, don na kai 'yata Amatullahi asibiti."

"Wato ya samu lokacin da zai yanka wani."

"Baba!" in ji Sabiru.

"Ban ce ka yanka ba. Abin da za su ce nake gaya maka. Tsohon allon da ka cire, ina ka kai shi?"

"Na sa a kwalin da na Kano ya zo a ciki, na bar mata."

"Ni kuma na ajiye a baranda," in ji Zubaida, "don ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa in ya zo wucewa."

"A baranda. Inda duk Daura ke wucewa."

* * *

Kulu mai fura tana zama ƙarƙashin dogon yaro daura da shagunan, daga safe har la'asar. Badaru ya zauna a bencinta, ya sa ta dama masa, ya tambaye ta kwalin.

"Na gan shi ranar Alhamis," in ji ta. "Ɗan gwangwan dai bai zo layin nan ba makon nan, ƙafarsa ce ke ciwo."

"Wa ya ɗauka?"

"Ni fura nake sayarwa, Malam Badaru, ba gadi nake ba."

"Juma'a da rana fa?"

"Kowa ya tafi masallaci, ni ma na tashi. Layin ya zama kamar an yi shara." Ta rage murya. "Amma in ni ce kai, tsallaken titi zan duba. Harisu ya shigo shagonta ranar Alhamis, wai ya zo taya ta murna. Yaushe rabon Harisu da murnar wani? Sana'arsu ɗaya, kuma aikin makarantar nan a hannunsa yake da, ta karɓe. Ya tsaya a barandar nan ya daɗe yana jujjuya kwalin."

Badaru ya koma barandar. A gefen bango, inda ƙafar taron ba ta kai ba, ya samu sawu guda mai kyau: takalmi rufaffe, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Ya bi shi da ido har bakin kwalta. Ya tsallaka. A ƙofar shagon Harisu ga takalmin nan a ajiye, dunduniyar hagu a cinye.

Karo na farko tun safe ya ji yana aikin da ya sani.

Harisu ƙaton mutum ne mai son a ji muryarsa. Bai musa komai ba. E, ya je. E, ya ɗaga kwalin, yana son ya ga sunan rumfar da aka sayo ne. E, shi ma an kawo masa kaya daga Kano a makon.

"Buɗe kwamfutarka," in ji Badaru.

"A gaban masu jiran aiki? Malam Badaru, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Buɗe."

Aka kira Sabiru. Kafin ya iso, rabin layin sun tsallako kallo. Harisu ya buɗe da kansa, yana zufa don fushi. Sabiru ya leƙa sau ɗaya ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne, Baba. Wannan ma ba zai shiga akwatinta ba. Ramukan sukurun ba ɗaya ba ne, wayar wutar ma daban. Ko kyauta aka ba shi namu, ba abin da zai yi da shi."

"Kayan Kano fa?"

Harisu ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur ya zazzage a ƙasa. Tawadar firinta ce.

"Ka gani? Ka gani? Shekara nawa ina layin nan ba a taɓa kirana ɓarawo ba, sai yau da aka ɗauko mini mai bin kashin shanu daga Dutsi!"

Badaru ya fito. A bakin titi ya juya ga Sabiru.

"Me ya hana ka gaya mini tun farko cewa ba kowace kwamfuta yake shiga ba?"

"Ba ka tambaye ni ba, Baba."

* * *

Bayan azahar Sha'aban ya tare shi a baranda, ya ja shi ɗakin hotonsa ya huta. Ya ba shi kujera mai laushi, ya aika aka kawo lemo mai sanyi. Babu wuta, ɗakin da zafi. A kan benci 'yan makaranta sun jeru cikin fararen kaya suna jiran ƙananan hotuna na rajistar jarrabawa, wasu iyaye na tsaye a ƙofa suna mita.

"Kar ka wahalar da kanka, Baba," in ji Sha'aban. "Masu gyaran nan duk halinsu ɗaya. A kai shi wurin 'yan sanda kawai, kafin magariba zai fito da shi. Ni Maman Amatullahi nake tausaya wa. Akuya guda fa!"

"Kana ina ranar Juma'a da rana?"

"Masallaci mana. Daga can gida."

"Ka ga wanda ya ɗauki kwali a baranda?"

"Wane kwali? Ni aiki ya sha mini kai, ga su nan ka gani."

Ana cikin haka fanka ta motsa, yaran suka yi ihun an kawo wuta. Sha'aban ya miƙe da sauri ya shiga bayan labule inda kayan aikinsa suke. Badaru ya ji an danna wani abu, sannan wani ɗan siririn kuka sau biyu, ƙit-ƙit, kamar ɗan tsako. Sai kuma ƙarar maɓallai. Sha'aban ya leƙo.

"Ka yi haƙuri, Baba, kafin su sake ɗaukewa."

Badaru ya shanye lemonsa ya fito. A ransa yana lissafin yadda zai gaya wa Zubaida cewa wannan ba aikinsa ba ne.

* * *

Ya tarar da ita zaune gaban matacciyar kwamfutar da tarin takardun jarrabawa a cinya. Sabiru na rakuɓe a kusurwa, don ya ce in ya fita shi kaɗai ba zai kai gida lafiya ba. Tun safe mutum biyu sun je rumfarsa sun kwashe kayansu da suka kai gyara.

Badaru ya zauna ya cire hula.

"In aka sace wa mutum saniya, abin da nake fara tambaya shi ne kamanninta. Yau ban tambaya ba, don ban ɗauki abin nan a bakin komai ba. Laifina ne. Yaya kamanninsa?"

"Kore ne," in ji Sabiru.

"Na Harisu ma kore ne. Mataccen nan ma kore ne. Ba shi da tabo? Ba shi da wani aibi?"

"Yana da shi. Akwai wani farin maƙalli a gefe da ya karye, shi ya sa aka bar mana shi da araha. Amma sai an buɗe akwati ake gani."

"To na buɗe guda yau, na ga abin da na samu. Ba zan bi Daura ina buɗe cikin kwamfutocin mutane ba. Daga waje fa? Ba a gane shi?"

"Ba a ganewa."

"Sai dai kukan," in ji Zubaida, ba tare da ta ɗago ba.

"Wane kuka?"

"Duk sanda na kunna sai ya yi ƙit-ƙit sau biyu, ya tsaya, sai na danna wani maɓalli sannan ya wuce. Agogonsa ma ya rikice. Na tsohon sau ɗaya yake yi."

"Wannan ba komai ba ne," in ji Sabiru. "Ɗan batirinsa ne ya mutu, mai kamar maɓallin riga. Ya daɗe a ajiye. Yau ma na zo mata da sabo, ga shi a aljihuna."

Badaru ya ajiye hular a hankali.

"Sake yi."

"Me?"

"Kukan. Yi mini shi yadda yake."

Zubaida ta dube shi kamar zafin rana ya taɓa shi, amma ta yi. "Ƙit-ƙit."

"Kwamfutar Sha'aban wace iri ce?"

"Irin tawa ce. Tare Anwar ya sayo su a gwanjo ɗaya, ya ba shi guda." Sai ta gane inda ya dosa. "A'a, Kawu. Haba. Shi ya yi wa Amatullahi huɗuba."

"Kun san iri ɗaya ce, ku biyun nan, tun safe?"

"Ban taɓa ganin tasa ba," in ji Sabiru. "Ba ya kawo mini gyara. Ya ce a waya yake kallon yadda ake yi, ya yi da kansa."

Badaru ya miƙe, ya kai ƙofa, ya dawo, ya sake kaiwa.

"Na zagi mutum a tsallaken titi saboda dunduniyar takalmi, alhali abin yana bayan bangon nan yana kuka. Zubaida, kira mijinki ki tambaye shi makullinsa."

Ta kira. Wayar ba ta shiga. Ta sake kira, haka.

"Bar shi. Je ki gaya wa Kulu ina son ganinta."

* * *

Bayan la'asar Badaru ya sa aka jera benci a barandar. Ya roƙi mai unguwa ya zo ya zauna. Ya aika wa Harisu, ya ƙi zuwa, sai da mai unguwa ya aika da kansa sannan ya tsallako yana kumbure-kumbure. Sabiru na gefe, Kulu da ƙwaryarta, Sha'aban tsaye a ƙofar ɗakinsa. Sauran mutanen layin ba sai an gayyace su ba.

"Da farko," in ji Badaru, "Harisu, na yi maka ba daidai ba. A gaban mutane na yi, a gabansu nake ba ka haƙuri."

"Haƙurin ya yi kaɗan," in ji Harisu, amma ya zauna.

"Na biyu. An ce Sabiru ne. Wanda ya mayar da mataccen allon nan ya ɗaure shi da abin da ba na aikin ba ne, ya cinye kan kowane sukuru. Sabiru na da ƙarfen da ya dace."

"Don ya ɓatar da sawu ne!" in ji Sha'aban.

"Yana yiwuwa. Shi ya sa ban tsaya nan ba. Abin da aka sace ba ya amfani sai a kwamfuta irin ta Zubaida. Kulu, makon nan yaya aiki a ɗakin hoto?"

Kulu ta gyara zama. "Ni dai abin da na gani, tun farkon mako yara ke zuwa ana ce musu babu wuta. Har ranar da fankar mai aski ke juyawa, an ce musu babu wuta. Yau da safe kuma aka fara ba su hotuna."

"Firinta ce ta samu matsala," in ji Sha'aban. "Na gyara."

"Madalla. Sabiru, gaya wa mai unguwa yadda allon Zubaida yake in an kunna shi, da tabon da ke jikinsa. Faɗa da ƙarfi kowa ya ji, tun kafin a buɗe komai."

Sabiru ya faɗa: kuka sau biyu, sannan ya tsaya jiran a danna maɓalli, da farin maƙallin da ya karye a gefe.

"Sha'aban, kashe kwamfutarka ka sake kunnawa."

"Ina tsakiyar aiki, Baba. Hotunan yara na ciki."

"Za su jira."

"Ai kowace tsohuwar kwamfuta na iya yin wannan kukan. Tambayi Harisu."

"Gaskiya ne, tana iya yi," in ji Harisu. "Amma ni an buɗe tawa. Kai ma a buɗe taka."

Mai unguwa ya nuna ƙofar da sandarsa. Sha'aban ya shiga, Badaru na bayansa, ya yaye labulen gaba ɗaya yadda na waje za su gani. Aka kashe. Aka kunna. Baranda ta yi tsit.

Ƙit-ƙit.

Zubaida ta dafe baki. Badaru bai dubi kwamfutar ba, teburin ya duba. Kusa da tarin hotuna akwai ƙaramin almakashin yankan hoto, bakinsa guda ya lanƙwashe. Ya ɗauka ya miƙa wa mai unguwa. Sabiru ya zare murfin akwatin, ya haska, ya matsa gefe. Harisu ya leƙa.

"Ga maƙallin nan a karye," in ji shi.

Sha'aban ya zauna a kan bencin yaran.

"Aro na yi," in ji shi. "Wallahi aro na yi. Tawa ta mutu tun kafin tata, na nema har Katsina ban samu ba. Na karɓi aikin makarantu, ga rajista za a rufe. Na ce in na gama zan mayar mata, ba wanda zai sani."

"Da wane makulli?" in ji mai unguwa.

Ya zaro shi daga aljihu. "Anwar ya bar mini, ko da wani abu zai taso."

"Da ka tambaye ni," in ji Zubaida, "da na ce ka kawo hotunan mu buga a tawa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, Sha'aban."

"Kunya na ji, Maman Amatullahi."

"Kunya?" Sabiru ne, karo na farko da ya ɗaga murya tun safe. "Da ka shaƙe ni a gaban mutane kana kirana ɓarawo, ina kunyar take? Ka ce a kai ni wurin 'yan sanda. Da an kai ni fa? Aron ne zai fito da ni?"

Mutanen da suka fi kowa ihu da safe suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya dakatar da su, ya ce ba wanda zai tafi sai ya ba Sabiru haƙuri da bakinsa. Maganar Sha'aban kuwa, ya ce za a zauna a kanta a ƙofar gidansa idan Anwar ya dawo, kuma Sabiru ne zai faɗi ko a kai ta gaba ko a bari.

* * *

Sabiru ya kwance allon daga kwamfutar Sha'aban yana tsaki a kan kowane sukuru. Ya kai shagon Zubaida, ya goge, ya shafa sabon man da ake sa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta don kada ta yi zafi, ya sa batirin, ya haɗa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bai yi alkawarin komai ba, don wanda ya ɗaure allo da almakashi yana iya tsaga shi bai sani ba. Zubaida ta tsaya a bayansa tana murza gefen mayafinta.

Ya danna. Fanka ta juya, gilashin ya kawo haske, rubutu ya fito. Zubaida ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, sannan ta tashi ta jawo takardun jarrabawar.

Badaru ya ɗauki hularsa. Yana fita ya tarar da 'yan makarantar nan har yanzu a baranda, da wata uwa tana tambayar wa zai ba su hotunansu, don Litinin za a rufe rajista. Zubaida ta leƙo ta dube su.

"Sabiru," in ji ta, "za a iya kwaso hotunan daga tasa a zuba a tawa?"

"Za a iya."

"To kwaso. In na gama shafin nan sai mu fara."

Badaru ya juyo daga kan babur.

"Zubaida, wuni guda na yi ina zagin mutane a garin nan don in kamo miki ɓarawo. Yanzu kuma aikinsa za ki yi masa?"

"Ba nasa ba ne, Kawu, na yaran ne. Shi ko sisi ba zai gani ba." Ta miƙo masa makullin da aka karɓa daga hannun Sha'aban. "Ka biya ta kasuwa don Allah, ka turo mini mai sayar da kwaɗo kafin ya tashi, a canza na ƙofar nan."

Badaru ya dubi makullin, ya dubi rana da ta yi ƙasa, ya tuna Bafulatanin da ke zaune a ƙofar gidansa tun safe. Ya jefa makullin a aljihu, ya buga babur, ya juya ya nufi kasuwa.